BABI NA UKU: ZAƁEN IYAKAR KWARARAR LANTARKI A KWANTIROLAR KEKE SABODA HAWAN TUDU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manyan sassan keken lantarki guda uku, wato batir da inji da kwantirola. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ake zaɓen iyakar wutar da kwantirola za ta bari ta wuce a lokacin da keke yake hawan tudu. Dalilin keɓe wa wannan batu babi guda shi ne, a shimfiɗaɗɗiyar hanya kusan kowane saiti yakan yi aiki lafiya lau, amma da zarar an fuskanci hawa sai aibin saitin ya fito fili. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Sakamakon mummunan saiti bai wuce ɗayan uku ba: ko dai kwayil ɗin inji ya ƙone, ko batir ya lalace tun kwanansa bai ƙare ba, ko kuma keke ya tsaya cak a tsakiyar hawa da mahayi a kai.

Batun ya shafi masu keke a ƙasar nan, musamman tun daga 29 ga Mayu, 2023, lokacin da aka sanar da cire tallafin man fetur a Nijeriya, abin da ya sa mutane suka ƙara waiwayar ababen hawa masu amfani da batir. Saitin da ya wadatar a cikin birnin Kano, inda ƙasa take a shimfiɗe, ba lallai ne ya wadatar a Jos ko wasu unguwannin Abuja masu hawa da gangara ba.

3.1 Ma'anar Kalmomin da Za a Yi Amfani da Su

Domin sauƙaƙa fahimta, ga kalmomi huɗu da za su riƙa maimaituwa a cikin babin:

(i) Kwarara: yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Ana auna ta da amfiya.

(ii) Turi: ƙarfin da ke ingiza wutar ta bi waya. Ana auna shi da bolt. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wato ƙarfin aiki.

(iii) Turjiya: tirjewar da waya take yi wa wutar da ke ratsa ta. Ana auna ta da om.

(iv) Ƙarfin murɗawa: ƙarfin da inji yake juya ƙafar keke da shi. Ana auna shi da niyuton-mita.

Injin da za a fi mayar da hankali a kansa shi ne wanda ake ɗaurawa a cibiyar ƙafar keke, ba tare da giya a cikinsa ba. Wannan dabara tsohuwa ce, domin tun a 1895 wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai inji a cibiyar ƙafar baya. Abin da ya bambanta na yau shi ne ƙaƙƙarfan maganaɗisu da batirin litiyam da kuma kwantirola mai ƙwaƙwalwa.

3.2 Iyaka Biyu a Cikin Kwantirola Ɗaya

Kwantirola tana tsakanin batir da inji. Aikinta shi ne ta riƙa kunna wuta da kashe ta sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, ta hanyar wasu ƙananan makunnai da ake kira mosfet. Idan ta bar wuta a kunne rabin lokaci, inji zai ji kamar rabin turin batir ne ya iso gare shi. Da haka ne take rage turi ko ƙara shi gwargwadon yadda mahayi ya murɗa totur.

Abin lura a nan shi ne, kwantirola ba ta cin ƙarfin da ya ratsa ta sai ɗan kaɗan. Wat ɗin da ya shigo daga batir kusan shi ne yake fita zuwa inji. Ke nan idan ta rage turi zuwa rabi, kwararar da ke cikin kwayil za ta ninka wadda ke fitowa daga batir sau biyu. Saboda haka kwarara iri biyu ce a cikin keke ɗaya, kuma kowace da iyakarta:

(i) Iyakar kwararar batir, wato mafi yawan amfiyar da za a bari a ja daga batir. Ita ce akan rubuta a jikin kwantirola, kamar a ce amfiya 15 ko 25. Ita take ƙayyade jimillar ƙarfin da keke zai samu, kuma batir take karewa.

(ii) Iyakar kwararar kwayil, wato mafi yawan amfiyar da za a bari ta zaga cikin wayoyin inji guda uku. Ita take ƙayyade ƙarfin murɗawa, kuma inji da makunnan kwantirola take karewa.

Lokacin da keke yake gudu sosai a kan miƙaƙƙiyar hanya, kwararar biyu sukan yi kusan daidai. Dalili kuwa shi ne inji mai juyawa yana haifar da nasa turin, wanda ke kalubalantar na batir. Za a kira wannan turin martani, kuma yana ƙaruwa gwargwadon saurin juyin ƙafa. A kan tudu gudu yakan ragu, turin martani ya faɗi, kwantirola ta rage turin da take bayarwa, sai kwararar kwayil ta yi wa ta batir fintinkau.

3.3 Abin da Tudu Yake Bukata Daga Inji

Ana auna miƙewar hawa da kashi cikin ɗari. Hanyar da ta ɗaga mita 10 a cikin tafiyar mita 100 ana cewa hawanta kashi 10 ne. Titin Baldwin da ke birnin Dunedin a ƙasar Niyu Zilan, wanda ya yi suna a duniya wajen miƙewa, yana da kimanin kashi 35. Yawancin hawan da mai keke zai tarar a gari bai kai rabin wannan ba.

Domin a ga yadda lissafin yake, za a ɗauki misalin keke guda a bi shi har ƙarshen babin. A ƙaddara nauyin keke da mahayi kilo 100 ne, ƙafar inci 26 ce, wadda daga cibiyarta zuwa ƙasa mita 0.33 ne, batir kuma bolt 48. A ƙaddara injin yana ba da niyuton-mita 1.2 a kan kowace amfiya ta kwayil, turjiyar kwayil ɗinsa kuma om 0.2.

A hawa mai kashi 10, nauyi yana jan keke baya da ƙarfin niyuton 98. Gogayyar taya da ƙasa ta ƙara kimanin 10, iska kuma a gudun kilomita 15 a awa ta ƙara kimanin 5. Jimilla niyuton 113 ke nan. Idan aka ninka wannan da mita 0.33 za a sami niyuton-mita 37, wanda yake bukatar amfiya 31 a cikin kwayil. A wannan gudu ƙarfin da ke tafiya wajen tura keke wat 470 ne.

Sai dai akwai hasara. James Joule ya nuna tun a 1840 cewa zafin da waya take fitarwa daidai yake da kwarara a ninka ta da kanta, sa'annan a ninka da turjiya. A nan 31 sau 31 sau 0.2 ya ba da kimanin wat 190 na zafi tsantsa a cikin kwayil. Idan aka haɗa da wat 470 na aiki, inji yana karɓar wat 660. Raba wannan da bolt 48 zai nuna cewa amfiya 14 kacal ke fitowa daga batir. Wato mitar da ke kan keke tana nuna wa mahayi 14, alhali kwayil yana ɗauke da 31.

Daga wannan lissafi wata ƙa'ida ta fito wadda sauran babin ya dogara a kanta: nauyi da miƙewar hawa da girman ƙafa su ne ke yanke yawan amfiyar da kwayil zai ɗauka. Matuƙar keke yana hawa da ƙarfin inji kaɗai, dole wannan amfiya ta ratsa kwayil, ko yana gudu ko yana rarrafe.

3.4 Illar Matse Iyakar Batir

Sananniyar shawara tsakanin masu haɗa keke ita ce a rage amfiyar kwantirola domin kada inji ya yi zafi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya shawarar tana da amfani, domin tana hana gudun wuce kima da ɓarnar caji. A kan tudu kuwa tana iya haifar da akasin abin da ake nufi, kamar yadda misali na gaba zai nuna.

A ɗauki keken nan dai, a kai shi hawa mai kashi 15 mai tsawon mita 500. Ƙarfin da ake bukata ya zama kimanin niyuton 157, wato niyuton-mita 52, wanda yake daidai da amfiya 43 a kwayil da zafin wat 370.

Idan iyakar batir amfiya 15 ce, jimillar ƙarfin da ke akwai wat 720 ne. Zafi ya cinye 370, saura 350 na tura keke. Da wannan keke zai yi kilomita 8 a awa, ya shafe daƙiƙa 225 kafin ya kai bisa. Zafin da ya taru a kwayil a tsawon lokacin ya kai jul 83,000.

Idan kuwa iyakar batir amfiya 25 ce, ƙarfin da ke akwai wat 1,200 ne. Saboda ƙarin iska kwararar kwayil ta ɗan ɗaga zuwa amfiya 45, zafi ya zama wat 405, saura kusan wat 800 na aiki. Keke zai wuce kilomita 17 a awa, ya gama hawan cikin daƙiƙa 103. Zafin da ya taru jul 42,000 ne, wato rabin na farko.

A ƙaddara kwayil da ƙarfen da aka naɗa shi a kai sun kai kilo 3. Zafin farko zai ɗaga su da kimanin digiri 60 a ma'aunin salshiyos, na biyu kuma da kimanin digiri 30. Gaskiya ne keke mai tafiyar hawainiya ya fi samun lokacin fitar da zafi, amma kwayil a rufe yake a cikin cibiya, iska ce kawai tsakaninsa da murfi, don haka abin da zai fita a cikin minti 4 bai taka kara ya karya ba. Wannan ya nuna cewa matse iyakar batir ba ya rage wutar da ke gasa kwayil a kan tudu. Abin da yake yi kawai shi ne tsawaita lokacin gashin.

Lamarin ya fi muni idan keke ya tsaya cak kuma mahayi ya ci gaba da murɗa totur. A wannan hali babu turin martani, babu aiki, duk abin da ya fito daga batir zafi yake zama. Da iyakar batir ta amfiya 15, in babu wata iyaka ta dabam a kan kwayil, wat 720 ɗin nan za su tura amfiya 60 cikin turjiyar om 0.2, ninki huɗu ke nan na abin da mita take nunawa.

3.5 Zaɓen Iyakar Batir

Tun da batir wannan iyaka take karewa, daga batir ɗin za a samo lambar. Batirin bolt 48 na litiyam yakan ƙunshi rukuni 13 na ƙwayoyi a jere, wanda idan ya cika yakan kai bolt 54.6. Yawan ƙwayoyin da ke cikin kowane rukuni shi ke yanke amfiyar da batir zai iya bayarwa. Alal misali, ƙwayar Samsung 35E an ƙayyade mata amfiya 8 a ci gaba da ja, yayin da Samsung 30Q, wadda ba ta kai ta ɗaukar caji ba, take jure amfiya 15. Batir mai ƙwaya 4 ta 35E a kowane rukuni zai ba da amfiya 32.

Haka kuma kowane batirin kirki yana da allon kariya a cikinsa, wanda ke yanke wuta idan an ja fiye da ƙima. Wajibi ne iyakar kwantirola ta kasance ƙasa da ta wannan allo, in ba haka ba wuta za ta ɗauke gaba ɗaya a tsakiyar hawa, wanda haɗari ne ga mahayi, musamman idan akwai mota a bayansa. Hanyar da ta dace ita ce a ɗauki ƙaramar lamba tsakanin ta ƙwayoyi da ta allon kariya, a tsaya a wajen kashi 80 cikin ɗari nata. A misalin da ke sama wannan ya ba da amfiya 25.

Bugu da ƙari, batir yana da tasa turjiyar. Idan ta kai om 0.12, jan amfiya 25 zai sauke turinsa da bolt 3. Lokacin da caji ya yi ƙasa, wannan saukar tana iya kai batir ga iyakar ƙasa da aka sa wa kwantirola, sai ta yanke wuta alhali akwai sauran caji. Tsohon batir turjiyarsa ta fi yawa, saboda haka ya kamata a rage masa iyaka yayin da yake tsufa.

Akwai kuma batun doka ga wanda zai hau keke a ƙasashen da suka tsara ta. Tarayyar Turai ta ƙayyade wat 250 da yanke taimakon inji a kilomita 25 a awa. Dokar tarayya ta Amurka ta 2002 ta tsaya a ƙasa da wat 750 da mil 20 a awa. Wat 250 na Turai ƙarfin da inji zai jure a ci gaba da aiki ake nufi, shi ya sa akan ga irin wannan keke da kwantirola mai amfiya 15 a bolt 36, wato wat 540 na ɗan lokaci, domin hawa.

3.6 Zaɓen Iyakar Kwayil

Wannan iyaka tana da ƙasa, tana da bisa. Ƙasanta shi ne abin da mafi miƙewar hawa a hanyar mahayi yake bukata. Idan hawan yana neman amfiya 45 aka sa iyaka a 40, keke ba zai hau ba ko da batir yana da ƙarfin gaske. Ana kuma bukatar rara domin tashi daga tsaye a tsakiyar hawa. Ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ya wadatar, wanda a misalin nan ya kai amfiya 55 zuwa 60. Wannan ya yi daidai da al'adar masu sana'ar ta sa iyakar kwayil ta ninka ta batir sau 2 zuwa 2.5.

Bisanta kuwa abubuwa huɗu ne ke tsare shi. Na farko zafi, domin amfiya 100 a wannan inji za ta fitar da wat 2,000. Na biyu, ƙarfen inji yana da iyakar maganaɗisun da zai ɗauka, idan aka wuce ta ƙarin amfiya ba ya kawo ƙarin murɗawa daidai gwargwado, sai dai ƙarin zafi. Na uku, makunnan kwantirola da wayoyin da suka ratsa ta cikin sandar cibiya suna da abin da za su jure. Na huɗu, duk ƙarfin da inji ya juya ƙafa da shi, da irinsa yake murɗa sandar cibiya baya, kuma yana iya buɗe bakin ƙarfen da ke riƙe da ƙafa idan ba a ɗaura masa maƙalin ƙarfe na musamman ba.

Injin cibiya mai giya a ciki ya fi ƙanƙanta, ga haƙoran giyarsa galibi na roba ne, saboda haka ya fi saurin zafi kuma yana son iyaka mai sauƙi. Injin da ake ɗaurawa a wajen feda kuwa yana bi ta sarƙa da giyar keke, don haka mahayi yana iya sauka zuwa ƙaramar giya inji ya ci gaba da juyawa da sauri. Kamfanin Bafang ya haɗa samfurinsa BBS02 mai wat 750 da kwantirola mai amfiya 25, BBSHD kuma da mai amfiya 30.

3.7 Zafi da Abubuwan da Saiti Ba Zai Gyara Ba

Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kimanin kashi 0.39 cikin ɗari a kan kowane digiri. Kwayil ɗin da ya tashi daga digiri 20 zuwa 120 turjiyarsa za ta koma om 0.28, zafin wat 370 ya zama kusan 515. Wato zafi yana haifar da zafi. Maganaɗisun niyodimiyam na gama-gari yakan fara rasa ƙarfinsa idan ya wuce digiri 80, masu inganci kuma su kai 120 ko 150. Wanda ya raunana ba ya komawa daidai, kuma daga nan inji zai riƙa neman ƙarin amfiya domin aikin da yake yi a da. A wuraren da zafin bazara yake wuce digiri 40, kamar Sakkwato da Maiduguri, inji yana fara tafiya ne da rabin hanya zuwa digiri 80.

Saboda haka idan inji yana da na'urar auna zafi a cikin kwayil, ya dace a haɗa ta da kwantirola domin ta riƙa rage kwararar kwayil a hankali yayin da zafi yake hawa. Idan hawa ya yi tsawon kilomita da yawa, babu lambar da za ta ceci injin da ya yi ƙanƙanta, sai an rage murɗawar da ake nema daga gare shi. Ƙafar inci 20 a maimakon 26 za ta sauke zafin wat 370 zuwa kimanin 215. Mahayin da ya taka feda ya ƙara wat 100 a gudun kilomita 8 a awa zai sauke shi zuwa kimanin 190. Goyo kuwa akasin haka yake yi, domin idan nauyi ya tashi daga kilo 100 zuwa 160 a hawa mai kashi 10, kwararar kwayil za ta tashi daga amfiya 31 zuwa 49, zafi ya tashi daga wat 190 zuwa 480.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa kwantirola tana da iyaka biyu, kuma kowace da inda ake samo lambarta. Iyakar batir ana ɗaukar ta daga ƙarfin ƙwayoyi da allon kariya, a ba ta duk abin da batir zai iya bayarwa lafiya, domin keke ya fita daga hawa da wuri. Iyakar kwayil ana ɗaukar ta daga nauyi da miƙewar hawa da girman ƙafa, a ƙara mata 'yar rara, a tsaya nan. Ga keken da aka yi misali da shi, lissafi ya kai ga amfiya 25 a batir da amfiya 55 zuwa 60 a kwayil. Bayan an sa lambobin sai a gwada keken a kan hawan da aka yi lissafi dominsa, da cikakken kaya, a auna zafin inji minti kaɗan bayan an tsaya, lokacin da zafin ciki ya iso murfi. A babi na gaba za a dubi yadda ake zaɓen kaurin waya da fis da mahaɗan da za su ɗauki waɗannan amfiyoyi.